Mutanen Eyam Da Littafin Da Ya Riƙe Sunayensu

Akwai labarin wani ƙauye na ƙasar Ingila wanda muka daɗe muna ba ɗalibanmu na kwalejin horon malamai, su kuma in sun fita su kan ba yara. Sunan ƙauyen Eyam, mutanen wurin kuwa Im suke cewa. A taƙaice labarin shi ne, annoba ta shiga ƙauyen cikin 1665, limamin cocinsu ya roƙe su kada kowa ya fita don kada a kai wa maƙwabta cutar, suka yarda suka zauna, da yawansu suka mutu, maƙwabta suka tsira. Kullum in aka kai ƙarshe sai aji ya yi tsit, malami ya ji daɗi ya rufe littafi. Ran nan muna gamawa sai wani ɗalibi daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, waɗanda suka mutun nan, an shawarce su kuwa kafin a rufe hanya?" Ba mu ba shi amsa mai gamsarwa ba a ran nan. Shi ya sa muka koma muka bi labarin tun daga tushe, muna kuma so malamai da akawuna su dubi abin da muka samo, gama su ne ya fi shafa.

Eyam yana cikin lardin Derbyshire, ƙasar tuddai da kwazazzabai, kimanin mil 150 arewa da Landan, mil 12 kuma daga birnin Shefil. Tsohon gari ne ƙwarai. A harabar cocinsa akwai wani gicciye na dutse mai zane wanda ya haura shekara 1,000 a duniya. Sa'ad da Sarki Wiliyam, wanda ya ci Ingila da yaƙi cikin 1066, ya aika a ƙidaya masa dukiyar ƙasarsa cikin 1086, an sa ƙauyen cikin littafin ƙidayar. Amma akawunan Sarki dukiya suka zo ƙirgawa. Sun rubuta gonaki da garmuna da yawan manoma, ba su damu da sunan manomi ko ɗaya ba. Mutanen wurin dai haƙar dalma ce babbar sana'arsu, sai kiwon tumaki da ɗan noman da ƙasa mai sanyi da duwatsu ta ke yarda da shi.

Abin da ya sa sunan kowane talaka na ƙauyukan Ingila ya shiga takarda, tun daga haihuwa har kabari, wata doka ce ta 1538. Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowane coci ya ajiye littafi guda, a riƙa rubuta kowane jariri da aka yi wa baftisma, da kowane aure, da kowace jana'iza. Ranar Lahadi a ke rubutawa a gaban shaida, sa'an nan a mayar da littafin cikin akwati mai makulli biyu. Wanda ya yi sakaci tararsa sule uku da kwabo huɗu. Cikin 1598 aka ƙara cewa a riƙa rubutun a kan fata, don an ga takarda tana ruɓewa. Ba mu tsammanin limaman ƙauye sun yi murna da wannan aiki. Wane akawu ya taɓa murna da ƙarin rajista? Duk da haka, ba don littafin nan ba, da abin da za a sani game da mutanen Eyam bai wuce tatsuniya ba.

Cikin 1665 annoba ta faɗa wa Landan. Waɗanda aka rubuta sun mutu da ita sun haura 68,000, masana kuma suna ƙiyasta cewa gaskiyar adadin ya kusa 100,000. Cuta ce mai zuwa da zazzaɓi mai zafi, kaluluwa ta fito a hammata ko a matsematsi ko a wuya, cikin 'yan kwanaki mutum ya cika. A lokacin ba wanda ya san sanadinta, yawanci gurɓatacciyar iska a ke zargi. Sai cikin 1894 likita Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, cikin 1898 kuma Paul-Louis Simond ya nuna ƙuma ne ke ɗauko ta daga jikin ɓera.

Wajen ƙarshen bazarar Turai ta 1665 aka kawo wa telan Eyam, Alexander Hadfield, ƙunshin yadi daga Landan. Mai taimakonsa, George Viccars, shi ya kwance ƙunshin, ya tarar da danshi, ya shanya a bakin wuta. Ran 7 ga Satumba aka binne shi. Bayan mako biyu aka binne wani yaro na gidan, daga nan cuta ta tsallaka maƙwabta. Mutum 6 suka mutu cikin Satumba, 23 cikin Oktoba. Da sanyi ya shigo sai abin ya lafa, har mutane suka fara sakin jiki suna cewa an wuce wurin. Ashe kwanton ɓauna ta yi. Da zafi ya komo cikin Yuni 1666 sai ta tashi fiye da dā.

A nan ne labarin ya ke kawo limamai biyu. William Mompesson shi ne limamin coci na hukuma, saurayi ne bai kai shekara 30 ba, cikin 1664 aka kawo shi, watau baƙo ne a garin. Ɗayan kuwa Thomas Stanley, dattijo, shi ne limamin garin a zamanin da aka kau da sarauta bayan yaƙin basasar Ingila. Da sarauta ta komo cikin 1660, aka kuma kafa dokar 1662 wadda ta tilasta wa limamai bin littafin addu'a guda, sai ya ƙi, aka raba shi da aikinsa. Amma bai rabu da mutanen garin ba, da yawansu kuma shi suke ji. Mutum biyun nan ba ra'ayinsu ɗaya ba a kan addini, ɗaya kuma yana zaune a kujerar da ɗayan ya taɓa zama. Suka ajiye wannan gefe guda suka haɗa kai. Mu a ganinmu wannan ya fi kome wuya cikin abin da suka yi, littattafan yara kuwa sau da yawa ko sunan Stanley ba su kawowa, sai a bar wa Mompesson yabon duka.

Abin da aka shirya shi ne, kowane gida ya binne mamacinsa da kansa kusa da gida, ba ɗaukar gawa zuwa coci. Aka rufe cocin, aka koma yin sujada a fili cikin wani kwari da a ke kira Cucklett Delf, kowane iyali ya tsaya nesa da wani. Sa'an nan aka shata iyaka kewaye da garin, ba shiga ba fita. Babban basaraken yankin, mai sarautar Devonshire, wanda gidansa ke Chatsworth 'yan mil kaɗan daga nan, ya ɗauki nauyin aiko da abinci. Mutanen ƙauyukan kusa su kan kawo kaya su ajiye a bakin iyaka su koma. Har yau akwai wani dutse tsakanin Eyam da Stoney Middleton mai ramuka a kansa, inda a ke zuba ruwan tsami a jefa kuɗi ciki, wai don ya kashe cutar kafin mai kaya ya ɗauka.

Bayan an rufe ne mutuwa ta yi tsanani. Cikin Yuli an binne fiye da mutum 50, cikin Agusta fiye da 70. A wani wuri da a ke kira Riley, can gefen gari, gida biyu ne ke zaune. Gidan Talbot ya ƙare ƙaf. Sai cutar ta shiga gidan Hancock, inda Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida tsakanin 3 da 10 ga Agusta, kwana takwas ke nan. An ce da hannunta ta ja su zuwa rami, mutanen ƙetaren tudu suna hangenta ba mai iya zuwa. Cikin watan nan Catherine, matar Mompesson, ta rasu tana da shekara 27. Mijinta ya so ta bar garin tun da wuri, ta ƙi. Da abin ya ƙare Mompesson ya rubuta wa wani ɗan'uwansa wasiƙa cikin Nuwamba 1666, ya ce cutar ta shiga gida 76, ta kashe mutum 259. Adadin da aka fi faɗa yau 260 ne, cikin wata 14.

To, wannan shi ne labarin da kowa ya sani. Yanzu sai mu koma ga tambayar ɗalibinmu.

Da farko ya kamata a san ta bakin wa labarin ya iso gare mu. Ban da littafin coci da wasiƙun Mompesson, yawancin abin da a ke faɗa daga baya aka rubuta shi. Likita Richard Mead ya kawo zancen ƙunshin yadin cikin 1722, daga bakin ɗan Mompesson ya ji shi, bayan shekara 56 ke nan. Littafin da ya yaɗa labarin ko'ina kuwa na William Wood ne, haifaffen garin, wanda aka buga cikin 1842, bayan shekara 176. Wood ya bi tsofaffi ya tattara abin da suka ji daga kakanninsu, ya rubuta shi da salo mai sa hawaye irin na zamaninsa. Mun gode masa, gama ba don shi ba da yawa sun ɓace. Amma magana in ta bi baki huɗu ko biyar ta kan ƙara nauyi a hanya. Wani masanin tarihi, Patrick Wallis, ya nuna cikin 2006 yadda labarin Eyam ya yi ta samun ƙari daga tsara zuwa tsara, kowace tsara tana gyara shi ya dace da abin da ta ke so ta koya wa 'ya'yanta.

Dubi lissafi kawai. Wood ya ce mutanen garin kimanin 350 ne, 83 kaɗai suka rage. In haka ne, uku cikin kowane huɗu sun mutu. Da masana suka zauna suka bi littafin coci suna ɗaya ɗaya, suka haɗa shi da takardar haraji, sai suka ga mutanen sun kai 700 ko 800. Harajin nan shi ne harajin murhu, wanda aka kafa cikin 1662, sule biyu a shekara a kan kowane murhu, matalauta kuwa an ɗauke musu. Mai karɓar harajin da ya zaga Eyam cikin 1664 bai san tarihi ya ke rubutawa ba, kuɗin Sarki ya ke nema. Amma takardarsa ce ta nuna wane gida ke da hali, wane ne ba shi da shi. A kan wannan lissafi waɗanda suka mutu sun kai wajen kashi ɗaya cikin uku. Wannan ma ai masifa ce wadda ba ta bukatar ƙari. Garin da ya rasa ɗaya cikin kowane uku cikin wata 14, me za a ƙara masa don a ji tausayinsa?

Takardun nan biyu sun faɗi wani abu kuma wanda labarin aji ya ke tsallakewa. Cikin 2016 wasu masana biyu a Landan, Lilith Whittles da Xavier Didelot, suka yi lissafi a kansu. Suka samu talauci ya ƙara wa mutum haɗarin kamuwa ƙwarai, yara kuma sun fi manya kamuwa. Suka samu har wa yau cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka kamu daga mutum suka ɗauka, kashi ɗaya ne kawai daga ɓera, wanda ke gida ɗaya da majinyaci kuwa shi ya fi kowa shiga haɗari. Ga kuma abin da ba a musu a kansa: wasu masu hali sun bar garin tun kafin a shata iyaka, Mompesson kansa ya tura 'ya'yansa biyu lardin Yorkshire. Ba mu ga laifinsa ba, wane uba ne ba zai yi haka ba in yana da inda zai kai su? Shi dai ya zauna, matarsa ta zauna ta mutu. Amma mai haƙar dalma wanda abincinsa na yau ke cikin ramin da ya shiga yau, ina za shi? Wa zai karɓe shi in ya ce daga Eyam ya fito?

Ban da wannan, akwai doka. Tun 1604 majalisar Ingila ta kafa dokar annoba. Ta ba hukuma ikon kulle gidan da cutar ta shiga, a sa masu gadi a ƙofa, su mayar da mai son fita ko da ƙarfi ne. Wanda ya fita yana yawo da ƙurjin annoba a jikinsa ana iya rataye shi. Dokar ta kuma yarda a aza haraji a kan mutanen da ke cikin mil biyar na wurin don a ciyar da waɗanda aka kulle. Saboda haka mutanen Eyam ba su ƙago killacewa ba, a cikin ƙasar da ta san ta suke, ƙasar da ke da igiya ga mai ƙetare ta. Amsar da ya kamata mu ba ɗalibinmu ita ce, labari ya ce an tara su an shawarce su sun yarda, mun kuma gaskata da yawansu da zuciya ɗaya suka yarda, amma yardar wanda ba shi da wurin zuwa ba daidai ta ke da yardar mai doki a ƙofar gida ba.

Wani zai ce, to, ai kun rushe labarin, me ya rage da za a koya wa yara? Mu ba mu ga an rushe kome ba. Garuruwa da yawa a Ingila an kulle su da doka, mutane suka yi ta sulalewa da dare. A Eyam iyakar ta tsaya wata huɗu da ɗoriya a cikin mafi munin mutuwa, ba soja, ba ganuwa, sai duwatsu da aka sa alama. Mutum yana ganin hanya buɗe a gabansa, ya binne ɗansa da safe, da yamma ya komo gida ya zauna. Ko tilas ta taimaka, wannan haƙuri ne wanda ba kowa ke iyawa ba.

Wani kuma, musamman cikin likitoci, zai ce rufewar ce ta ƙara kashe su, tun da ta haɗa mai lafiya da marar lafiya wuri guda. Wannan magana tana da ƙarfi, lissafin 2016 ma yana goyon bayanta, tun da daga mutum zuwa mutum cutar ta fi bi. Amma lissafin nan kansa yana nuna ɗaya gefen. In mutum ne ke ɗauke da ita, to, mutum 700 da suka watsu cikin Shefil da Bakewell da sauran kasuwannin lardin, me za su kai can? Mu ra'ayinmu shi ne rufe iyakar daidai ne. Inda aka gaza shi ne cikin garin, wajen raba majinyaci da sauran mutanen gidansa, wannan kuwa ba mu iya zarginsu da shi, gama ilmin bai zo ba tukuna. An dai yi 'yan bukkoki a bayan gari, wasu suka koma can suka zauna, suka yi abin da suka iya.

Abin da muke so a ƙara ja wa yara hankali a kansa shi ne abincin. Ba mu tsammanin iyakar nan za ta kwana bakwai in ba a kawo gurasa bakin dutse ba. Mu da muka ga kullen annobar 2020 da idonmu mun san yadda dokar zama a gida ta ke narkewa ran da tukunya ta ƙi hawa murhu. Yunwa ba ta san doka ba. Wanda ya ce wa talaka ya zauna don lafiyar jama'a, bashi ya ɗauka, biyansa kuwa hatsi ne a ƙofar gida kowace safiya. Basaraken Chatsworth ya biya nasa, ko da ya ke ba mu mance ba gidansa na kusa, in gemun maƙwabcinka ya kama wuta ai shafa wa naka ruwa ka ke yi. Ko don tausayi ya yi ko don tsoro, abincin dai ya iso.

Saboda haka muna roƙon malamai, in za su ba da labarin nan, su ba da shi da lissafinsa. A rubuta 350 a allo, a rubuta 700 kusa da shi, a tambayi yara wanne za su gaskata, don me. A gaya musu wa ya faɗi na farko, bayan shekara nawa, daga wace takarda kuma na biyu ya fito. Yaron da ya koyi tambayar nan a kan ƙauyen Ingila zai yi ta a kan tarihin garinsu, zai yi ta a kan abin da ya ji a rediyo. Akawuna kuwa, waɗanda ke ganin cika rajistar haihuwa da mutuwa wahalar banza ce, su tuna Wood marubuci ne mai hikima, mai karɓar harajin 1664 kuwa ba wanda ya taɓa yabon alƙalaminsa, amma da aka zo neman gaskiyar adadi takardar mai harajin ce ta gyara littafin marubucin. Suna ɗaya da aka tsallake don ana sauri a tashi aiki, ba mai iya mayar da shi bayan shekara 300.

Garin bai mutu ba. Cikin 'yan shekaru aka ci gaba da aure da haihuwa, baƙi suka zo aikin dalma, aka gina babban gidan nan Eyam Hall bayan annobar da kaɗan. Mompesson ya bar garin cikin 1669 ya koma Eakring a lardin Nottinghamshire, Stanley kuwa a Eyam ya rasu cikin 1670. Ƙidayar 2011 ta samu mutum 969 a garin, watau bai fi na zamanin annobar da yawa ba. Haƙar dalma ta ƙare tuni, baƙi masu zuwa kallo su ne ke kawo ciniki yanzu. A ƙofar tsofaffin gidaje an kafa alluna ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a ciki da ranakun mutuwarsu, kowace shekara kuma ranar Lahadin ƙarshe ta Agusta a kan taru a Cucklett Delf a tuna da su. Kaburburan gidan Hancock suna nan a Riley cikin wata gona, an kewaye su da ɗan bangon dutse. Sunan ƙarshe cikin jerin waɗanda annobar ta kashe shi ne Abraham Morten, ɗan ƙwadagon gona, ran 1 ga Nuwamba 1666.